Zuwa ga Auta, daga bakin teku

Autana,

Ina fatan kana lafiya, kai da Ummanka da yayyenka. Ya sanyi? Ya makaranta? Ni ma lafiya lau nake, sai kewarku.

Ummanka ta ba ni labarin ranar Asabar. Ta ce sau uku kana gwada ɗan hawan nan na bayan makarantarku, sau ukun keken yana tsaya maka a tsakiya, har ka dawo kana turo shi da kujajjiyar gwiwa, ka jingine shi a zaure ka ce ba ka ƙara hawa. Da na kira da daddare ba ka ce min komai ba, ni ma ban tayar da zancen ba. Shi ya sa na zauna rubuto maka, don a waya kullum cikin sauri muke.

Ka taɓa tambayata ina nake zuwa da keke kowace Lahadi. Bari in kai ka.

Arewa da birnin Cape Town akwai wani gari, Durbanville. Da ka fita bayansa ƙasa ba ta ƙara kwanciya. Tudu ne bayan tudu, kamar kunyoyin dankali, sai dai kowace kunya sai ka yi minti biyar kana hawanta. Yanzu Fabrairu ne, ku kuna fama da hunturu, mu kuwa tsakiyar zafi muke, don lokutan nan kishiyar namu ne. Ana tsinkar inabi a gonakin da ke jikin tuddan. In ka ƙara gaba wajen Malmesbury, sai gonakin alkama, an riga an girbe, sai kututture ja-ja da tumaki suna kiwo, kai ka ce bayan garinmu ne da kaka. Ruwansu a watannin Yuni zuwa Agusta yake sauka, a lokacin ne wurin ke komawa kore shar. Akwai wata tsuntsuwa da nake gani a gonakin, doguwa, ruwan toka, 'yar'uwar gauraka ce amma ba ta da tukku. Ita ce tsuntsuwar da Afirka ta Kudu ta ɗauka ta zama alamar ƙasa.

A kan waɗannan tuddai na koyi hawa, da furfurata. Ka san a Zariya na koyi keke, da Raleigh ɗin kakanka, ina zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen don ban kai sirdi ba. Amma a can hanya shimfiɗe take. A nan na gane cewa tun a gangare ake fara hawan tudu. In kana sauka, kar ka saki feda kana jin daɗin iska kawai. Ka tara gudu, shi zai ɗauke ka ya kai ka kusan rabin tudun gaba kyauta. Sauran rabin kuma a hankali ake cin sa, numfashi daidai da ƙafa, ido a kan 'yan takun da ke gabanka.

Hanya ta biyu ita na fi so ka gani. Ina yin sallar asuba in fito, in bi ta Camps Bay, duwatsun da suke kira Twelve Apostles a hagu, Tekun Atlantika a dama. Kar ka manta, a nan hannun hagu ake bi. Ruwan sanyi ne da shi kamar ƙanƙara ko a tsakiyar zafi, kuma da sassafe yana da wani ƙarni na gishiri da ciyawar teku da ban san da me zan kwatanta maka ba. Daga nan sai a gangara garin masunta, Hout Bay, sai a kama hanyar Chapman's Peak.

Auta, wannan hanya a jikin dutse aka sassaƙe ta. An fara aikin a 1915, aka buɗe ta a 1922, kuma fursunoni aka sa suka yi aikin. Tsawonta kilomita 9 ne kawai, amma kwana 114 gare ta. Sama da kanka an ɗaura manyan ragogin ƙarfe don tare duwatsun da ke gangarowa, wani wurin ma rufi aka yi mata, kana wucewa ta ƙarƙashin dutsen, gefe ɗaya a buɗe. A hanyar dawowa kai ne a gefen teku. 'Yar katanga ce tsakaninka da rami, can ƙasa kuma ruwa yana dukan duwatsu yana farin kumfa. Akwai inda nake tsayawa kullum in sha ruwa, in ci dabino uku. A wurin na fi tuna ka. Nakan ce da Auta yana nan, da yanzu ya jero min tambaya goma.

Sai iska. Da zafi akwai wata iska da ke tasowa daga kudu maso gabas, mutanen nan suna ce mata likitan Cape, wai tana share ƙazantar gari. In ta taso za ka ga gajimare ya kwanta a kan Dutsen Tebur kamar an shimfiɗa masa farin mayafi. Watan jiya ta tare ni a Chapman's Peak, a hanyar zuwa. Ina taka feda da iya ƙarfina, keken kamar an ɗaure shi da igiya ta baya. Na sauka na tura, ƙafafuna suna rawa. Ina cikin turawa sai wani dattijo, ya girme ni nesa ba kusa ba, ya rage gudu a gefena. Bai yi dogon zance ba, ya nuna min tayarsa ta baya da hannu. Na hau na manne masa, tayata ba ta fi taku biyu da tasa ba. Nan take na ji nauyin ya ragu, don jikinsa ne ke tsaga iskar, ni ina cikin inuwarsa. Haka masu tseren keke suke yi, shi ya sa kake ganinsu a jere kamar jerin gwano, na gaba in ya gaji ya koma baya. Mun kai ƙololuwa, ya ɗaga min hannu ya wuce. Har yau ban san sunansa ba.

A watan Maris ake babban tseren garin, Cape Town Cycle Tour. An fara shi a 1978, kilomita 109 ne, ya fi nisan Kaduna zuwa Zariya, kuma mutane dubbai ne ke shiga, ana rufe musu tituna. A 2017 iskar nan ta sa aka soke shi da safiyar ranar. Na sa sunana bana. Kusa da ƙarshe akwai wani hawa, Suikerbossie, wajen kilomita biyu, yana zuwa ne bayan ƙafa ta riga ta mutu, kuma mutane da yawa a nan suke sauka su tura. Ka sa ni a addu'a.

Yanzu maganar kekenka. Naka ba shi da giya, don haka dole komai nasa ya zauna daidai. Ka roƙi yayanka ya raka ka wurin mai faci. A ɗaga sirdin, don na tabbata ka ƙara tsawo tun tafiyata. In ka zauna ka ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe. A cika tayoyin iska har sai babban yatsanka ya kasa lotsa su. A sa wa sarƙar mai, a duba birki. Sannan ka fara gudu tun daga wajen bishiyar mangwaron nan, in ka ji ya yi nauyi ka miƙe tsaye a kan feda. Ka zaɓi lokacin da babu babura da yawa, kuma yayanka ya tsaya a sama. In ya sake tsaya maka, ka sauka ka tura, ka lura da inda ka kai, ka gaya min.

Na saya maka hular kwano, shuɗiya, zan ba mai zuwa ya kawo. A wanke gwiwar nan da ruwan gishiri kullum, ban da ɓantare ɓawon.

Ka gaishe min da Ummanka da Hajiya da yayyenka. Allah ya yi maka albarka.

Naka,
Babanka