Rigar da Muka Zaɓa wa Bindigar Baba

A ƙarshen daminar bara muka taru a zauren wani dattijonmu a nan Sabo, tsohon maharbi, don a kwance fatar da ke jikin bindigarsa. Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Tun a Kano baduku ya ɗinke ta da jar fata, daga ƙota har kusa da baki, ga tuntaye ga layu. Da aka sa aska aka farke ɗinkin, sai kowa ya yi tsit. Tsatsa ta cinye bututun ta ƙarƙashi, har akwai wurin da farce ke shiga. Da Baba ya ɗura ya harba a haka, Allah kaɗai ya san yatsu nawa za su rage masa.

"Shekara 20 na yi da fatar nan a gida, ba ta taɓa cutar ƙarfe ba," in ji shi.

Muka ce, "Gaskiya ne, Baba, amma fa nan Ibadan ne."

A Kano damina gajeriya ce, hunturu kuma yana busar da komai. A nan kuwa ruwa kan soma tun watan Maris ko Afrilu, bai ɗaukewa sai wajen Oktoba, iskar ma kanta da danshi take. Fata tana shan danshin nan ta riƙe shi a jikin ƙarfe. Bagaruwar da majema ke jima da ita ba ta jituwa da ƙarfe idan an jiƙe, tokar albarushi ita ma tana jawo lema. Rigar da ta kare bindiga a can, ita ce ta zame mata ciwo a nan.

Wani ɗanmu soja da ya zo hutu yana zaune a wurin. Ya ce su ma suna yi wa tasu riga. Bindigogin zamani da yawa suna da wani dogon layi mai haƙora a jiki, inda ake maƙala tocila ko madubin saiti. Picatinny ake kiran sa, sunan wata ma'aikatar makaman sojan Amurka da ke jihar New Jersey, kuma a 1995 aka tsayar da ma'auninsa. Haƙoran suna gurje hannu, suna zafi idan an yi harbi, suna kuma lanƙwasa idan suka bugi abu. Shi ya sa ake rufe inda ba a amfani da shi da marfin roba. Mai laushi ya fi daɗin riƙo, mai tauri ya fi jure duka. Amma kowanne, in ji shi, dole ya zama ana iya ɓalle shi a goge ƙarƙashinsa.

Wannan magana ita muka riƙe. Muka auna abin da ke gabanmu da tambayoyi uku: yana kare hannu? Yana riƙe ruwa? Yana ciruwa cikin sauƙi? Fatar ɗinki ta faɗi a biyu. Robar tiyub ɗin keke da samari ke naɗawa ba ta santsi, amma ruwa na kwanciya a ƙarƙashinta. A ƙarshe muka tsaya a kan guntuwar fata daidai wurin riƙo, mai igiyar ɗauri, wadda za a kwance bayan kowace fita a shafe ƙarfen da man keken ɗinki. Ajiya kuma a jakar tamfol, a rataye nesa da ƙasa da hannun yara, ba a ɗure ba. Tsohon bututun dai an sallame shi. Baba ya kwashe layunsa ya zuba a aljihu, bai ce uffan ba.

Akwai kuma rigar da ba baduku ke ɗinkawa ba. Ba mu manta da matafiya 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, maharba da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano sallah. Ba abin da ya halatta jininsu, kuma ba ma ɗora musu laifi. Amma mun ga yadda ganin bindiga a hannun baƙo ke rikita gari. Saboda haka duk mai bindiga a unguwar nan, maharbi ne ko mai gadi, ya nemi lasisi wurin 'yan sanda, ya sanar da fadar Sarkin Hausawa, takardarsa kuma ta zauna cikin jakar tare da bindigar.

Idan akwai bindigar da ta shekara a ɗinke a ɗakinku, ku farke ta ku duba kafin ruwan bana ya sauka.