Ranar da na buɗe wa hayaƙin gidanmu hanya

Gidanmu na gado yana unguwar Yakasai a cikin birnin Kano. Tun ina yaro na san madafin Hajiya da wata 'yar kafa can sama kusa da azara, wadda faɗinta bai wuce na faifai ba. Da mahaifinmu ya rasu aka yi rabon gado, sai tsakar gida ta tsuke, aka rushe ginin ƙasa aka ta da na bulo, aka rufa kwano. Magini ya tambaye ni ko a bar kafar a sabon ginin, na ce ya toshe ta, tunda ban ga abin da take shigo da shi ba sai ƙura da ɓeraye. Ni na faɗa da bakina, kuma nauyin wannan magana ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko ba mu ga illa ba, domin da gas ake girki. Da farashinsa ya gagari aljihu, Hajiya ta koma wa gawayi da itace kamar sauran matan lungunmu. A watan Agusta, lokacin da ruwa kan wuni yana zuba, har shanya ta koma madafin, sai kayan makarantar yara su bushe suna warin hayaƙi. Kunkunniya ta baƙanta bango, idon Hajiya kullum da hawaye, ga wani tari da ya ƙi jin magani.

A asibiti likita ya dube ni ya ce, "Hajiya tana shan taba ne?" Raina ya ɓaci, na ce masa subhanallahi. Ya ce, "Yi haƙuri, Malam. To da me take girki, kuma ta ina hayaƙin yake fita?" Nan bakina ya mutu. Ya bayyana mini cewa gawayi, ko da bai yi hayaƙin da ido ke gani ba, yana fitar da wata iska mai guba marar launi, marar wari, wadda jini ke kamawa fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da 'yan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta.

Da na koma gida na so in sake fasa kafar, sai na tarar maƙwabcinmu na baya ya riga ya ɗora bene a jikin bangon. Dole sai bututu. Na sayo na roba mai araha, na karkata shi sau biyu, na fitar da bakinsa ta lungu. Araha ba ta ado. Cikin 'yan makonni zafi ya lanƙwasa shi, kunkunniya ta taru a kwanonin, ɗan hayaƙin da ya samu fita kuma ya nufi tagar wani dattijo da ke daura da mu. Ya yi sallama bayan la'asar ya ce, "Ɗana, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, amma tarin nata ya ƙaura ɗakina." Kunya ta rufe ni. Malaman Malikiyya sun daɗe da sanya hayaƙi cikin cutarwar da ake hana maƙwabci yi wa maƙwabcinsa. Ibnur Rami, maginin birnin Tunis na ƙarni na 14, ya yi bayanin haka a littafinsa na hukunce-hukuncen gini.

Wanda ya ɗora ni a hanya ƙanena ne da ke aiki a Ingila. Ya ce a can, saboda ƙarancin rana, da inji suke busar da tufafi, kuma nasa yana da bututun da ke kai zafi da danshi waje. Ƙa'idarsa huɗu ce: ya zama na ƙarfe, ya zama gajere kuma miƙaƙƙe, bakinsa ya fita sarari, a riƙa share shi, domin burbushin zaren da ke taruwa a ciki yana haddasa gobara.

Da wannan na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo falle na ƙarfe, mai walda ya naɗe shi bututu, ya yi masa faffaɗan baki a saman murhu. Muka miƙe shi ta cikin rufi har ya zarce tagogin maƙwabta, aka sa masa 'yar hula saboda ruwan sama, aka like mahaɗarsa da kwano don kada ya yi yoyo. Mai waldar ya ƙara da cewa, "Alhaji, a fasa 'yar kafa a ƙasan ƙofa. In iska ba ta shiga ta ƙasa ba, hayaƙi ba ya hawa." Ashe abin da maginan dā suka sani ke nan tun kafin a haife ni.

Duk abin da na kashe bai kai kuɗin magungunan wata biyu ba. Tarin Hajiya ya yi sauƙi, amma likita ya ce huhun da ya sha hayaƙi ba ya komawa kamar dā, kuma da wannan zan zauna. Gidajen cikin birni kullum ƙara rarrabuwa suke yi, tsakar gida tana ƙarewa, mu maza kuma da muke yanke shawarar gini ba mu ne ke wuni a bakin murhu ba. Duk mai shirin gyaran gida, kafin ya zaɓi fenti da tayil, ya shiga madafi lokacin da ake tuƙa tuwon dare, ya zauna minti goma, sannan ya kira magini.