Daga Damagaram zuwa Agadas a cikin tsohuwar kat-kat

Ya ku ƴan uwa iyalan gidajen Musulmi, duk wanda ya zauna a ƙasashenmu na bakin Sahara ya san akwai garuruwa da rugage da ƙaramar mota ba ta isa gare su, ko dai saboda rairayi da rani, ko saboda laka da koramu da damina. Wannan ne ya sa magidanta da yawa suke kwana da burin mallakar kat-kat, wato motar da ƙafafunta huɗu duka suke ja. Da yake sabuwa ta fi ƙarfin aljihun mafi yawanmu, sai hankali ya koma kan tsohuwa. A wannan fitowa za mu ba ku labarin tafiyar da muka yi daga Damagaram zuwa Agadas a watan Nuwamba na shekarar 2018, domin doguwar hanya ita ce take fallasa abin da aka yi wa mota a gareji da abin da aka hana ta.

Yadda motar ta zo hannunmu

Tsofaffin kat-kat suna shigowa Nijar ta ƙofofi da dama. Akwai waɗanda ake kira ƴan Kwatano, masu zuwa daga Turai ta jirgin ruwa, a jera su a filayen Sekanji da Ekpe kan hanyar Porto-Novo, waɗanda kafin 2023 akan koro su ta Paraku da Kandi har gadar Malanbil zuwa Gaya. Akwai masu zuwa daga Dubai. Akwai kuma waɗanda ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu suke yin gwanjonsu idan sun gama aiki da su. Tamu ta wannan ƙofa ta uku ta fito: wani ɗan kasuwa ya saye ta a gwanjo, mu kuma ƴan uwa uku muka haɗa kuɗi muka saya a hannunsa a shekarar 2012.

Toyota Land Cruiser ce samfurin 80, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1990 da 1997, mai injin gazuwal da ake kira 1HZ, silinda shida, lita 4.2. Ba ta da gudu, kuma ba kwamfuta ce take sarrafa injinta ba, shi ya sa makaniki mai ƙwarewa yake iya kwance ta a gindin bishiya. Ranar ciniki mun je da makanikinmu da sassafe, domin a tayar da injin yana da sanyi a ga launin hayaƙinsa. Ya kwanta a ƙarƙashinta yana duba shasi, ko an taɓa yi masa walda ko tsatsa ta ci shi. Muka gwada lambar shasi da ta kart-giris, muka kuma nemi takardar duwan, saboda motocin ƙungiyoyi kan shigo ba tare da biyan haraji ba, kuma idan aka sayar da su dole wani ya biya. Lambar kilomita da ke gaban direba kuwa ba mu ɗauke ta shaida ba.

Mai sayarwar, Allah ya saka masa da alheri, da bakinsa ya faɗa mana cewa lagireto yana yoyo, kuma birkin baya yana son gyara. Haka Musulunci ya tsara: haramun ne ɓoye aibin haja, kuma malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun ba mai saye damar mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Da dillalan motoci za su riƙe wannan hukunci guda, da rabin rigingimun tasha sun mutu.

Kwana biyu a gareji

Kafin tafiyar, motar ta yi kwana biyu a wani gareji a unguwar Zango. An juye baƙin mai, wanda ta kan sha kusan lita 10, kuma ba ma barinsa ya wuce kilomita 5,000. An sauya matatar mai da ta gazuwal, an kakkaɓe matatar iska, domin ƙurar hunturu babbar abokiyar gabar inji ce. An cika giris a gaɓoɓin ƙafafun gaba, an ɗaure ƙusoshi, an duba robobin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Bel ɗin da yake daidaita bugun inji kuwa, makanikinmu ba ya yarda ya haura kilomita 100,000, saboda in ya tsinke a kan tafiya yana iya lalata kan injin gaba ɗaya. Muka ɗaura tayoyin safaya biyu, jarkar gazuwal biyu, jarkokin ruwa, shebur, famfon iska, igiyar ja, da akwatin kayan aiki.

Mu tara ne a ciki, har da mahaifiyarmu da ƙanwarta da yara biyu, za mu ɗaurin auren ɗan ɗan uwanmu. Bayan sallar asuba muka karanta addu'ar hawa abin hawa, wadda asalinta yake cikin Suratuz Zukhruf, muka bar duwatsun Damagaram a bayanmu, muka miƙi hanyar arewa mai tsawon kusan kilomita 450.

Damargu da abin da ke bayanta

Kimanin kilomita 50 daga gari, a yankin Bakin Birji, matafiyi zai hango matatar man SORAZ, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, da ɗanyen man da ake turowa ta bututu daga Agadem. Daga nan sai ƙasar Damargu, rumbun geron Nijar tun zamanin ayarin raƙuma. Kaka ta yi, dammunan gero suna jibge a bakin gonaki, amalanken shanu suna ta kai da kawowa. A Tanut muka karya kumallo da fura da nono, direba ya taɓa kowace taya da hannunsa ya ji zafinta, ya leƙa ƙarƙashin mota ko wani abu yana ɗiga. Wannan al'ada ce da yake yi duk inda aka tsaya, kuma ba ta cin minti biyar.

Arewa da Tanut gonaki suna raguwa har su ƙare, ƙasa ta zama ta makiyaya, Fulani da Buzaye da garkunansu. A wancan lokaci kwaltar wannan yanki ta mutu, wani wuri ramuka, wani wuri gargada mai kwance ƙusa, wani wuri kuma motoci sun bar titi sun yi wa kansu layuka a cikin rairayi. An gudanar da ayyukan gyara a kan hanyar bayan wannan shekara, amma wanda ya bi ta a da ba zai manta da ita ba. Motar da take shan lita 13 ko 14 a kilomita 100 bisa kwalta, a nan sai ta buɗe baki.

Wajen azahar, kusa da wata rijiya, wani Bafillatani ya fito bakin hanya yana ɗaga rawaninsa. Ya matso wurin babban yayanmu ya ce: "Alhaji, don girman Allah ku taimaka. Matata tun jiya take naƙuda, abin ya ƙi. Motoci biyu sun wuce ba su tsaya ba." Yaya ya waiwayi mahaifiyarmu ya ce: "Inna, me kika gani?" Ta ce: "Har sai ka tambaya? Ku sauke kaya."

Rugar tana can cikin daji, babu hanya sai sawun dabbobi. Direba ya rage iskar tayoyi domin su baje a kan rairayi, ya sa karabo, muka kutsa. Aka shimfiɗa wa matar tabarma da bargo a baya, Inna da ƙanwarta suka zauna tare da ita, samarinmu biyu da yawancin kaya muka bar su a bakin rijiya. Direba ya riƙa tafiya sannu a kan gargada, yana kauce wa kowane rami, har muka isa gidan likita na Adarbisanat kafin la'asar ta yi sanyi. Ungozoma ta karɓe ta, motar kuma ta juya ta ɗauko waɗanda aka bari. A kan hanyarmu ta komowa bayan mako guda muka sami labarin ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace. Babu wanda ya yi magana a cikin motar sai hamdala, amma kowa ya san da robar ruwa guda ta fashe a wannan tsakani, da labarin ya sauya.

Wannan kai da kawowa ya cinye gazuwal ɗin jarkokinmu, dole muka ƙara daga wata ganga a bakin hanya. Ba mu yi nisa ba fitilar gargaɗi ta kama, inji ya fara shaƙewa: akwai ruwa a cikin man. Direba ya tsiyaye ruwan ta ƙasan matata, ya sa sabuwar da muka zo da ita, ya buga ɗan famfon hannu har iska ta fita, mota ta tashi. Mu kuwa muka yi sallar magariba da isha'i a kan yashi, da ƙasaru irin ta matafiya, taurari sun cika sama kamar an watsa gero.

Agadas, garin da ya san darajar tsohuwar mota

Bayan gangaren Tigidit ƙasa ta miƙe shimfiɗe har Agadas, inda muka shiga da tsakar dare. Da safe muka ga hasumiyar babban masallaci, ginin laka mai tsawon mita 27, wanda aka fara ginawa a 1515 aka sabunta shi a 1844. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Amma mai mota, abin da zai fi ɗaukar hankalinsa shi ne garejin garin. A nan za ka ga Land Cruiser da Hilux waɗanda a wata ƙasa da tuni an kai su bola, an kwance su ƙusa-ƙusa ana mayarwa, aparanti ƙanana suna wanke ƙarafa a cikin gazuwal.

Rayuwar Agadas ta daɗe da ɗaure da waɗannan motoci. A shekarun 1980, lokacin da tseren Paris-Dakar yake ratsa garin, su ne suke kai baƙi duwatsun Abzin da hamadar Tenere. Tawayen shekarun 1990 da na 2007 suka karya yawon buɗe ido, direbobi da yawa suka koma jigilar matafiya zuwa Dirku da iyakar Libiya. Dokar 2015 ta haramta wannan jigila, aka kama motoci masu yawa, har zuwa Nuwamban 2023 da aka soke ta. Wani tsohon direba da muka sha shayi da shi ya ce ƙa'idodinsu na hamada ba su sauya ba: ruwa kafin kaya, mota ba ta shiga Tenere ita kaɗai, a sanar da wani hanyar da za a bi, kuma ba a wuce wanda ya lalace. Ya tuna mana da bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada har wata babbar mota ta buge ta a 1973, ragowarta tana gidan tarihi na Yamai. Ya ce ko a filin da babu kowa, direba marar natsuwa zai sami abin da zai buge.

Lissafin gida

Ya ƴan uwa, kuɗin saye shi ne ƙaramin kashi na abin da tsohuwar kat-kat take ci. Tayoyinta manya ne, batirinta babba ne, ga asurans da binciken lafiyar mota, ga kayan gyara da sau da yawa sai an aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda na asali da na jabu suke kwance a teburi ɗaya. Araha ba ta ado, balle a birki da sitiyari. Rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ya karkatar da kaya zuwa tashar Lome, su biyo ta Burkina Faso, farashi ya ƙara hawa.

Abin da ya riƙe tamu har ta kai wannan shekaru shi ne littafi da asusu. Tun ranar farko muka rubuta rabon kowa a gaban shaidu, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta koyar da rubuta ma'amala. Kowane wata kowa yana zuba abin da aka yanka masa, ko motar ta fita ko ba ta fita ba, kuma duk abin da aka saya mata ana rubuta shi da kwanan wata da lambar kilomita. Wanda ya ara, ya dawo da ita da man da ya tarar. Malamai sun bayyana cewa babu zakka a kan abin hawan da mutum yake amfani da shi, sai dai idan yana haya da shi, to kuɗin da ya tara ne ake dubawa in sun kai nisabi, shekara kuma ta zagayo.

Shawararmu ga magidancin da zirga-zirgarsa ba ta wuce kwaltar birni ita ce ya bar kat-kat ga masu bukatarta, kada kuɗin makarantar yara da cefanen gida su ƙare a tankinta don a ce wane ya hau babbar mota. Wanda kuwa danginsa ko gonarsa ko dabbobinsa suke bayan ƙarshen titi, ya saya da ido buɗe, ya sani cewa daga ranar ya zama abin dogaron unguwa da ƙauye: shi za a tasa da dare don mai naƙuda, shi zai kai gawa mahaifarta, shi zai ɗauko amarya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah. Ɗaurin raƙumin mai mota shi ne juyen mai a kan lokaci, birki mai kamawa, da taya mai lafiya.

Allah ya kiyaye matafiyanmu a tudu da rairayi, ya sa abin hawanmu ya zama sanadin sada zumunci da ceton rai, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.