Daga Rawayau zuwa bakin iyaka: kayan da mai ƙaura zai iya ɗauka

Rawayau gari ne na manoma da makiyaya a ƙaramar hukumar Kurfi, maƙwabcin Dutsin-Ma, a tsakiyar Jihar Katsina. Wanda ya ratsa wannan ƙasa da kaka zai ga rumbunan gero da dawa, da awaki a turke, da tattabaru bisa katanga. Dukiyar gida ke nan a wajen mutanen nan. Amma kuma ƙasa ce ta masu tafiya. Wani karatu ke fitar da shi, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, wani neman abinci, wani aure, wani kuwa rashin tsaro ne ya tashe shi. Kowannensu yana da tambaya ɗaya: me zan ɗauka, me zan bari?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A zamanin fatauci, madugu ba ya tayar da ayari sai ya san abin da za a biya a kowace ƙasa da kowace mashigar ruwa. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sai Katsina da Maradi, ɗiyan gida ɗaya, suka zama ƙasashe biyu. Tun daga ranar, kayan ɗakin amarya ma suka zama abin da jami'i zai iya cewa a kwance ya gani.

Hanya mafi kusa ga mutumin Rawayau ita ce ta arewa: Katsina, Jibiya, Magama, sai Ɗan Isa da Maradi. Wannan ƙofa ta sha rufewa. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024. Game da dabbobi, tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tanadi takardar ƙetare iyaka ga makiyaya, mai nuna yawan garke da allurar rigakafin da aka yi masa. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, don haka mai niyyar kora shanu ko tumaki ya fara zuwa wajen likitan dabbobi da jami'an iyaka kafin ya kwance turke.

Hanya ta biyu ta gabas ce, wadda kakanni suka bi da jaki da raƙumi har Makka, yau kuma ake binta a jirgi. Goro abin girmama baƙo ne a nan gida, amma Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba, kuma kowace shekara hukumar alhazai tana gargaɗi a kansa. Kuɗin da ya haura dala 10,000 dole a bayyana shi ga kwastan ɗin Najeriya kafin a fita. Abin da ya fi komai haɗari shi ne karɓar saƙon da ba ka san cikinsa ba, domin a can hukuncin miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa.

Hanya ta uku ita ce ta Turai da Amurka, kuma a nan ne tsarabar uwa ke gamuwa da cikas. Kilishi, dambun nama da man shanu duk ba sa shiga Ingila ko ƙasashen Tarayyar Turai a jakar matafiyi daga Najeriya. Ba raini ne ya kawo dokar ba, tsoron cuta ne. Ciwon baki da kofato yana iya bin nama ya halaka garken ƙasa guda, mu ma ba mu manta da ɓarnar da murar tsuntsaye ta yi mana a 2006 ba. Kayan sawa da na ɗaki kuwa suna da sauƙi: Ingila tana yafe haraji ga mai komawa can da zama, idan ya yi wata 12 a waje, ya mallaki kayan na aƙalla wata 6, kuma ya nemi izini tun kafin kayan su iso.

Dabbar gida ta fi wuya. Kyanwa ko karen da za a kai Turai daga Najeriya sai an saka masa ƙwayar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata, a yi masa allurar ciwon haukan kare, a ɗebi jininsa bayan aƙalla kwana 30, sannan a jira wata 3. Wanda bizarsa ta fito yau, jirginsa na mako mai zuwa, ya riga ya makara. Amurka, tun 1 ga Agustan 2024, ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba. Aku mai toka-toka da jan wutsiya kuwa, tun 2017 yana jerin halittun da yarjejeniyar duniya ta fi tsananta kariya a kansu, fita da shi ba izini laifi ne.

Darasin a fili yake. Iyaka ba ta auna kaya da matsayinsa a zuciyar mai shi, takarda take dubawa. Abin takaicin shi ne yawancin waɗannan dokoki da Turanci suke, a intanet, nesa da manomin Rawayau. Haƙƙi ne a kan Hukumar Kwastan da hukumar killace dabbobi da tsirrai su riƙa bayyana su da Hausa, a rediyo da kasuwannin ƙauye, kada talaka ya fara jin doka ranar da aka ƙwace masa kaya.

Kai kuma mai shirin tafiya, tambaya kafin ka ɗaure kaya, domin matambayi ba ya ɓata. Abin da ba zai ƙetare ba, ka sayar ko ka bar wa ɗan'uwa amana, ya fi a zubar da shi a gabanka. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.