Na Kashe Masu Ciyar da Ita

Gansakukar da nake reno a ɗakin gwaje-gwaje irin wadda ido ba ya gani ce, sai dai ruwan kwalba ya yi kore shar. Da na ɗiga ruwan a ƙarƙashin madubi na ga bakteriya suna wutsil-wutsil a tsakaninta, sai raina ya ɓaci. An koya mana cewa tsabta ita ce aikin. Ban tambayi kowa ba, na zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Bakteriya suka mutu, na yi murna. Amma duk lokacin da na sake wa gansakukar ruwa sai koren ya ƙara kwantawa, har ya koma ɗorawa-ɗorawa, ta daina hayayyafa. Na zargi fitila, na zargi zafin ɗaki. Abin da ya fi ci mini rai, har wani ƙane da ke wanke kwalabe na zarga, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba. Na ba shi haƙuri daga baya.

Amsar tana rubuce tun 2005. Masana a Jami'ar Kambirij, ƙarƙashin Alison Smith, sun duba nau'in gansakuka 326, suka samu 171 ba sa rayuwa sai da bitamin B12, kuma ba su iya haɗa shi da kansu. Bakteriya ke ba su, su kuma su biya da abincin da suka haɗa daga hasken rana. Waɗanda na kashe su ne ke ciyar da ita.

Wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi masu sarrafa ƙwayoyin gado ke ginawa da gangan yanzu. A 2012 Daniel Ducat da abokansa a Harvard sun dasa wa Synechococcus elongatus, wata bakteriya mai cin hasken rana, ƙwayar gado mai suna cscB. Idan an sa mata gishiri, sai ta riƙa fitar da sukari cikin ruwa. A 2017 aka nuna E. coli da yis suna rayuwa a kan wannan sukarin ba tare da an ƙara musu wani ba.

Ɗalibi mai shirin tsabtace kwalbarsa, ka fara ware wani kaso ka ajiye yadda yake, ka kuma duba ko nau'in da ke hannunka yana bukatar B12.