Gyarar jirgin sama: yadda Inna ta dawo daga Umra a kujerar manya



Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanninmu ya san gyara. Mai awo ya cika maka tiya, ya sake cikawa, in ya gama sai ya ɗebo hannu guda ko biyu ya zuba bisa. Ya san abin da yake yi: so yake kasuwa mai zuwa ka wuce rumfa goma ka zo tashi. Kai ma ka sani, kuma ka yarda. To kamfanonin jirgin sama ma suna da tasu gyara, sai dai mu da yawa muna biyan kuɗin awo mu tashi mu bar ta nan. Ni kaina na bar ta, kawuna ya bar ta shekara da shekaru. Labarin yadda munka karɓo ta nake so in ba ku yau.

Abin ya samo asali daga Amurka. A 1981 kamfanin American Airlines ya buɗe wani tsari mai suna AAdvantage: a lokacin, duk tahiyar da ka yi da su ana rubuta maka maki gwargwadon nisanta, in makin ya taru ka canza shi da biye kyauta ko da kujera mai kyau. Yau kusan kowane babban kamfani na da irin nashi. Na Ethiopian Airlines sunanshi ShebaMiles, na Turkish Airlines Miles&Smiles, na Royal Air Maroc kuwa Safar Flyer. Shiga kyauta ce. Da tarho da intanet, minti goma sun isa a ba ka lamba.

Ni ban san da wanga zance ba sai da aikin radiyo ya fara kai ni horo waje. Masu shirya horon ne ke biyan biye, ni nawa in ɗauki jaka in hau. A tahiyata ta biyu, muna jiran canjin jirgi, ni ina zaune bisa kujerar ƙarhe ina lissahin ko in sayi ruwan gora ko in yi haƙuri, sai na ga wani abokin aiki ɗan wata ƙasa ya nuna kati a bakin wata ƙofa ya shige. Da ya hito na tambaye shi. Ya ce ɗakin hutun manyan matahiya ne, akwai abinci, akwai wurin wanka, kuma bai biya ko dala ba. Albashinshi bai hi nawa ba. Kawai dai ya daɗe yana tahiya da kamfani guda, kuma duk biyen da anka saya mishi sai ya ba da lambarshi. Shi ya fahimtar da ni cewa makin na wanda ya zauna bisa kujera ne, ko da wani ya biya kuɗin.

Daren nan na yi rajista, kuma daren nan na yi kuskurena na farko. Na rubuta sunan da masu saurare sunka san ni da shi, wanda ba shi ne ke cikin paspor ba. Kun san matsalarmu: suna guda, a takardar haihuwa Mahamadou, a lakkwal Mamane, a paspor wani abu dabam, ga sunan uba wani lokaci gaba wani lokaci baya. Na'ura ba ta san wanga ba. In harahi guda ya saɓa, wani mutum ne dabam a wurinta. Tahiya biyu na yi makin bai shiga ba. Da na farga, anka ce in aiko da ƴar takardar shiga jirgi a gyara mini, tun da ana iya neman makin tahiyar da ta wuce cikin ƴan watanni. Takarda ɗaya na yar da ita tun a Yamai, ɗayar kuwa na rubuta lambar wani mai taksi a bayanta na ba wani. Laihina ne, ba na kowa ba.

Wanga haushin ne ya sa na tuna da Kawu, ƙanen Inna. Da albasa ya fara, kamar yawancin mutanenmu. Ya hau bisa buhunna a saman kamiyo daga Galmi har Abijan, rana da raɓa duk a kanshi. Da Allah ya buɗa mishi sai ya koma sayo injinan ban ruwa da kayan gyaransu, yana zuwa Dubai da Sin sau biyu ko ukku a shekara. Na tambaye shi:

"Kawu, duk wagga tahiya da kake yi, kana da katin maki?"

Ya ce: "Katin mi? Ni dai in kira yaron ajans in ce ya yanko mini biye, in aika mishi kuɗi."

Na yi mishi bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To ɗana, su mi ne ne ribarsu? Bature ba ya kyauta banza."

Gaskiya gare shi, kuma na faɗa mishi haka. Ribarsu ita ce su ɗaure ka, ka riƙa komawa wurinsu ko da wani ya hi su araha. Kuma kujerar da suke ba ka, galibi wadda ta kusa tashi ba kowa ce. Sai ya kawo tambaya ta biyu, ko abin bai da haɗi da riba. Munka tambayi wani malami nan gida, ya ce in dai ƙari ne da mai sayarwa ya ba mai saye don ransa, ba bashi a ciki, to hukuncinshi hukuncin gyara ne. Nan Kawu ya miƙo paspor, na cika mishi harahi bayan harahi, na rubuta lambar a takarda na manna a bangon paspor ɗin. Na kuma kira yaron ajans na roƙe shi kada ya sake yanka biye bai sa wagga lamba ba.

Na yi ƙoƙarin lissafa abin da Kawu ya bari a baya cikin shekarun da ya yi yana hawa jirgi, sai na ga abin zai ɓata mini rai, na bari.

Shekara biyu da wani abu munka manta da zancen. Sai Allah ya nuhi Inna da zuwa Umra. Ƴaƴanta munka haɗa kuɗi, anka ce ni zan raka ta. Damuwata guda ce: gwiwoyinta da bayanta. Mace ce da ta yi rayuwarta tsakanin rijiya, turmi da gona, yanzu in ta zauna awa guda sai an kama ta take miƙewa. Ku lissafa hanyar da kanku: daga Urno zuwa Madawa, daga Madawa a hau kar a bi gudron ta Galmi, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso har Yamai, wajen kilomita 500. Sannan jirgi biyu da jira a tsakani. A dawowa kuma ga gajiyar ɗawahi da sa'ayi a jiki.

Na buɗa asusun Kawu, na ga makin ya taru sosai. Ya isa ya yanki biyen kanshi na tahiya guda, wato kuɗi ne na gaske, jika ɗaruruwa da zai iya sakawa cikin jari. Ya kuma isa a ɗaga mutum guda daga kujerar baya zuwa ta gaba a doguwar tahiya. Na je na shimhiɗa mishi duka biyun, ban ɓoye komi ba. Ina tsammanin zai ce a ba shi kwana biyu ya yi tunani. Sai ya ce:

"Ka san da kuɗin wa na sayi buhun albasata na farko?"

Na ce a'a.

Ya ce: "Yaya ce ta sai da awakinta biyu ta ba ni. Ba ta taɓa tambayata ba har yau. Ka sa mata."

Ban taɓa jin wanga labari ba, don Inna ba ta taɓa faɗi ba.

Kada in sa ku zaci abin danna tarho ne kawai. Kujerun da ake ba da su da maki ƙididdigaggu ne, kuma ba kowane biye ake iya ɗagawa ba: mai arahar gaske sau da yawa ba ya ɗaguwa, wani ma ko maki ba ya kawowa. Sai da na zauna da yaron ajans munka duba irin biyen tun kahin a yanka. Wajen zuwa ba mu samu wuri ba. Wajen dawowa munka samu, amma sai da munka ja ranar da kwana biyu. Akwai kuma ƴan kuɗin haraji da munka cika daga aljihu, don maki ba ya biyan wanga. Na ce ba komi, dawowar ce dama ta hi wuya.

Ranar dawowa, da munka shiga jirgi, ma'aikaciyar ta karɓi takardar Inna ta nuna mata hagu, ni ta nuna mini dama. Inna ta riƙe mini riga ta ce: "Kai ɗan nan, ina za su kai ni?" Na raka ta har kujera, na nuna mata maɓallin da ke kwantar da ita, na wuce can baya na matse tsakanin mutum biyu. Bayan awa guda na nemi izini na leƙo. Na tarar an kawo abinci ta ƙi taɓawa. Ta jawo ni ta ce a kunne: "Nawa za su ce? Ni ba ni da canjinsu." Na ce: "Inna, Kawu ya biya tuni, ki ci." Da na sake leƙowa ta miƙe ƙafa, an lulluɓa mata bargo, tasbaha na hannunta, tana barci. Na daɗe tsaye ina kallonta kahin in koma.

Da munka iso gida mata sunka cika ɗaki ana raba zamzam da dabino. Ana tambayarta Makka da Madina, tana ba da labari har da hawaye. Can wata ta ce yaya jirgi? Ta ce: "Wajen zuwa dai na san na hau. Wajen dawowa ƙanena ya saya mini gado." Ƴar jakar da anka ba ta mai safa da man shafawa tana nan cikin kwallarta, ta hana jikoki taɓawa.

Yanzu ga inda nake so ku yi hankali, don ni ma na faɗa ramin. Bayan wagga tahiya abin ya shiga kaina. Da wata tahiya ta taso wadda ni zan biya da kaina, sai na bar biye mai araha na sayi mai tsada don kawai in samu maki. Da na dawo na zauna da biro da takarda, na ga abin da na ƙara ya ninka darajar makin da na samu. Na zama kamar wanda ya sayi tiya goma da bai buƙata don a yi mishi gyarar hannu guda.

Haka nan bidiyoyin da matasanmu ke gani a TikTok da YouTube, na wasu da ke cewa sun zaga duniya a kujerar manya ba su biya komi ba. Yawancinsu a Amurka suke, kuma makinsu daga katin bashi na banki yake hitowa, ba daga hawa jirgi ba. Mu nan da kuɗi hannu muke ciniki, ko mu aika ta Nita da Amana. Hanyarsu ba tamu ba ce, ga kuma zancen ruwan bashi da ke cikinta. Wanda duk ya ce ka turo mishi kuɗi ya sayar maka da maki ta WhatsApp, ka riƙe kuɗinka.

Abin da na koya, ga shi a taƙaice. In kana da tahiyar da dole ka yi ta, ta kasuwanci, ta karatu, ta aiki ko ta Umra a jirgin haya na kullum, yi rajista kahin ka yanki biye, da sunan da ke cikin paspor daidai. Jiragen da ake ɗauka shata don alhazai galibi ba su ba da maki, kada ka sa rai. Kada ka watsa makinka gida biyar. Kamfanonin ƙungiya-ƙungiya suke: Ethiopian, Turkish da EgyptAir suna cikin Star Alliance, Royal Air Maroc ya shiga oneworld a 2020 inda Qatar Airways yake, Saudia da Kenya Airways kuwa suna SkyTeam tare da Air France. Kati guda na iya karɓar makin duk ƴan ƙungiyarshi. Ajiye ƴar takardar shiga jirgi har sai ka ga makin ya shiga.

Kuma kada ka yi mishi ajiyar rumbu. Kamar bonis ɗin da ake ba mu a tarho yake, yana da ranar mutuwa: wani kamfani shekara 2, wani 3. Dokokinshi ma a hannunsu suke, suna iya canzawa. Duniya ma na canzawa: tun watan Agusta na 2023 Air France ya daina sauka Yamai, wanda duk ya tara makinshi can sai ya nemi wata dabara. In ya isa wani abu mai amfani, kashe shi.

In kuma ba ka da tahiyar jirgi, ba ka yi asarar komi ba. Kada ka ƙirƙiro ta. Mutanenmu nawa ne ke bin hanyar Yamai, Agadas, Kwatano da Abijan a kar shekara da shekaru? Ku riƙa tambaya a wurin yankan tike ko akwai wani rangwame ga wanda ya saba da su. Tambaya ba ta cin kuɗi, kuma wanda bai ce a gyara ba, mai awo ba ya bin shi da ita.

Roƙona ga matasa masu karatu: kusan kowane gida nan Adar da Gobir akwai wani alhaji ko ɗan kasuwa da ke hawa jirgi, wanda bai iya faransanci ko ingilishin da za a cika takardar da shi ba. Ku zauna da shi minti goma ku cika mishi. Kawu yanzu ya sake fara tarawa. Ya ce wanga karon na matarshi ne, kuma duk dawowar da ya yi sai ya kira ni ya ce in duba mishi ko gyararshi ta shiga.

Allah shi kai matahiyanmu lahiya, shi maido su lahiya, shi ba mu ikon kyautata wa iyayenmu tun suna raye. Amin.