Raba Barci Daban, Rage Barci Daban

Tunda aka kafe jadawalin jarrabawar wannan zangon, hirar da ta fi yawa a ajinmu ita ce ta yadda mutum zai rage barci ya samu lokacin karatu. Wasu sun kwaso wani tsari daga intanet, wai barci mai kashi-kashi. Ɗaya sunansa Everyman: ka kwanta awa 3 da dare, da rana kuma ka ɗan runtsa sau uku, minti 20 kowanne, jimla awa 4. Ɗayan kuma Uberman, shi babu ma barcin dare sam, minti 20 ne duk bayan awa 4, wato awa 2 kacal a yini. Masu tallata abin sukan kafa hujja da wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, Buckminster Fuller, wanda mujallar Time ta ruwaito a 1943 cewa minti 30 yake kwanciya duk bayan awa 6.

Ni abin bai zo mini baƙo ba, don a inda nake neman kuɗin makaranta an daɗe ana raba barci. Kullum in na tashi daga lakca, sai na hau adaidaita zuwa Kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Kawuna yana da shagon robobi da kayan kicin a ciki, ni nake tsare masa daga rana zuwa yamma. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san yadda take lafawa bayan an idar da Azahar an ci abinci, musamman a watan Afrilu da zafin Kano ke kai maki 40. Za ka ga ɗan dako ya kishingiɗa a cikin baronsa ya rufe fuska da hula. Inyamurin da ke maƙwabtaka da mu ya kifa kai a kan tebur. Kawu kuwa sai ya shimfiɗa dadduma bayan katan-katan ya ce, "Kai, riƙe min shagon nan, minti ashirin." Kafin La'asar kowa ya wartsake, ciniki ya dawo.

Wata rana na zauna na lissafa barcin Kawu. Yakan kwanta wajen 10:30 na dare, ya tashi 4:30, awa 6 ke nan. In ya dawo daga sallar Asuba yakan ƙara kamar awa ɗaya kafin ya fito. Sai ƙailular kasuwa. In ka haɗa, ya haura awa 7. Kashi uku yake yin barcinsa, amma bai zaftare komai daga ciki ba. A nan ne ya sha bamban da masu Everyman. Su ragewa suke yi, su kira shi rabawa.

Ƙailula ai ba jiya ta fara ba. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, kuma a Suratun Nur, aya ta 58, an lissafa tsakar rana cikin lokuta uku da yaran gida za su nemi izini kafin su shiga wa manya, saboda lokacin hutu ne. Mutanen Sifaniya ma an san su da irin wannan hutu. Wani masanin tarihi, Roger Ekirch, ya nuna a littafin da ya fitar a 2005 cewa kafin zuwan fitilun zamani Turawa da yawa barci biyu suke yi a dare ɗaya, su farka a tsakiya su sake komawa. Jikin mutum da kansa yakan yi sanyi tsakanin 1 da 3 na rana, ko ya ci tuwo ko bai ci ba. Hukumar NASA ta Amurka ta gwada matuƙa jirgin sama a shekarun 1990, ta ga gyangyaɗin kusan minti 26 yana ƙara musu natsuwa a bakin aiki. Saboda haka ƙailula ba lalaci ba ce.

Amma masana barci sun tsaya a kan cewa baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a yini. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, daga mara nauyi zuwa mai nauyi zuwa na mafarki, kuma a cikin wannan zagayen ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta. Minti 20 ba ya kai ka ko'ina a wannan tafiyar. A 2021 wani kwamitin masana na gidauniyar barci ta Amurka ya bi binciken da aka yi kan waɗannan tsare-tsare, bai samu hujjar cewa suna da amfani ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gwajin da aka wallafa a 2003 daga Jami'ar Pennsylvania. An tsare mutane a kan awa 6 kullum har mako biyu, aikin ƙwaƙwalwarsu ya yi ta raguwa har ya kai na wanda ya kwana bai runtsa ba, alhali su a bakinsu cewa suke yi ai sun saba. To ina ga mai awa 4?

Na ga wannan da idona. Wani abokina ɗan injiniya ya ɗauki Everyman, kwana tara yana fama, da Nescafe da goro. Kullum cewa yake, "Wallahi garau nake, jikina ya karɓa." Ranar Laraba suna aikin hannu a wokshof, yana tsaye gaban injin da ke juyawa, sai idonsa ya rufe na 'yan daƙiƙoƙi, hannunsa ya nufi ƙarfen. Allah ya sa na kusa da shi ya fizgo rigarsa. Da aka tambaye shi rantsuwa ya yi ta yi shi bai yi barci ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Garin neman ƙiba saura ƙiris a samo rama.

Kawu bai san wani bincike ba, amma yana da dokarsa. Duk yaron da ya zo da jan ido, ba ya ba shi dirowar kuɗi ranar. Ya taɓa ce min, "Ɗana, wanda bai yi barci ba shi ke ba da canjin dubu biyar a kan dubu ɗaya." In ɗan kasuwa ba zai amince wa mai jan ido da cinikin yini ɗaya ba, kai me zai sa ka shiga jarrabawar da ka yi wata huɗu kana jira da irin wannan kan?

Na san da yawanmu ba bidiyo ne ya hana mu barci ba. Ga zafi, ga sauro, ga wutar da sai sha biyun dare ake kawowa, ga waɗanda sai sun yi sana'a za su biya kuɗin rajista, ga 'yan uwanmu mata da aikin gida ke jiransu. Ba kowa ke da awa 8 a jere ba, ni ma ba ni da su. A nan ne dabarar 'yan kasuwa ke da amfani. Ina kwanciya 11, in tashi 5. Ranar da ba ni da lakcar 8, in ƙara awa ɗaya bayan Asuba. In na isa shago, Kawu ya yi nasa minti 20, ni ma in yi nawa.

Ga mai son gwadawa, ka sa ƙararrawar waya, kar ƙailular ta wuce minti 30, don in ka nutsa cikin barci mai nauyi za ka tashi kanka kamar an ɗora masa dutse. In kana da sarari sosai, gara ka cika minti 90. Ka yi ta kafin La'asar, ta yamma cinye barcin dare take yi. Nescafe da lemon ƙarin kuzari kuma a bar su da rana, domin bayan kamar awa 5 rabin sinadarin yana nan a jini. Barcin dare shi ne uwa, kar ka taɓa shi a makon jarrabawa.

Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu su duba yiwuwar ware wuri mai inuwa da tabarmi, na maza daban na mata daban, inda ɗalibin da ya zo daga nesa zai ɗan miƙe bayan Azahar. Kafin nan, yau da dare ka ɗauki biro ka haɗa awannin da ka yi barci jiya, na dare da na rana. In ba su kai 7 ba, akwai bashi a kanka, kuma gara ka biya shi a kan katifa da ka biya shi a zauren jarrabawa. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.